Bangon da Ba Ya Kwana

Birkila ne, amma Rusau ake kiransa. Shekara ashirin da shida ya yi yana ɗora bulo kan bulo ba wanda ya laƙaba masa komai, sai da ya koma koyarwa a cibiyar koyon sana'o'in gini sannan sunan ya same shi, ya kuma zauna daram. Dalilin a fili yake. Kullum da safe ɗalibansa, yawancinsu manya masu iyali, za su ja igiya, su yi kwaɓi, su jera bulo har bango ya kai musu ƙirji. Ƙarfe huɗu na yamma shi kuma ya ɗauko gudumar roba ya bi bangon ya sauke shi, su kankare bulon su tara a gefe saboda gobe. Shekara goma sha ɗaya ke nan ba bangon da ya taɓa kwana a filin nan. Maiɗakinsa takan ce ita dai ba ta taɓa ganin wanda ake ba albashi don tufka da warwara ba sai mijinta.

Ba ya tanka mata. Dama shi ba mai yawan magana ba ne, kuma bai cika yarda da masu yawanta ba.

Da lebura ya fara, kwano a ka, a ƙarƙashin wani tsohon birkila wanda bai taɓa yi wa kowa bayani ba. In ka yi daidai tsohon ya wuce kamar bai gani ba, in ka yi kuskure ya sa ƙafa ya ture, ka sake. Wata shida na farko ko cokalin gini bai bar shi ya taɓa ba. Bokiti biyu aka ba shi da gwangwani, aka ce duk bangon da aka tayar ya bi shi da ruwa safe da yamma har kwana bakwai. Aikin da kowa ke gudu ke nan, na sabon shiga, na wanda ba shi da uwa a gindin murhu. Ranar da aka kawo wani sabon lebura ya miƙa masa bokitan, ya yi hamdala, bai ƙara tuna su ba.

Daga nan ya hau. Ya gina gidaje da shaguna ba adadi, ya gina wani asibiti mai hawa uku wanda har yau in mota ta bi da shi ta gabansa sai ya leƙa ta taga ya duba kusurwar da ya tayar da hannunsa. Siminti ya cinye masa zanen yatsu, har da aka zo yi masa katin aiki na'ura ta ƙi karɓar yatsansa, ma'aikaciyar ta ce ya je ya wanke hannu ya dawo. Sannan wata rana katakon da yake tsaye a kai a hawa na biyu ya karye. Wata huɗu ya yi a kwance, ya tashi da ƙugun da ba ya hawa tsani. Birkilan da ba ya hawa sama kuwa tasa ta ƙare. Wani injiniya da ya san hannunsa ya yi masa hanya a cibiyar, aka tura shi kwas na mako uku, aka ba shi farar riga da hatimi mai lambarsa. 'Yarsa ta fari ce ta zaunar da shi ta koya masa sa hannu, ta ce ba za a ce babanta malami ne kuma yana dangwale ba, balle yatsan ma ba zane.

Cibiyar tana ƙarƙashin wata hukuma mai sa ido kan koyar da sana'o'in gini. Hukumar ce ta tsara abin da za a koyar cikin wata huɗu, ita ke aiko sufeto ranar kammalawa da takarda mai layi talatin da biyu, kuma ba takardar shaidar da za ta fita sai da sa hannun malamin da ya koyar da hatiminsa. Ita ce kuma ta ce kada a yi kwaɓin koyo da siminti. Yashi ne da farar ƙasa, kwaɓin da ba ya kamawa, don a iya sauke bangon ba tare da an fasa bulo ba. Dabara ce mai kyau, Rusau ma ya yaba. Kwaɓi ɗaya sai ya yi mako ana aiki da shi: in ya bushe a yayyafa ruwa a juya, ya dawo sabo. Mutum ɗari uku da 'yan kai ya sa wa hannu a haka, kuma ba ya jin kunyar ko ɗaya. Bangonsu a miƙe yake sambal.

Wata Asabar ƙanwarsa, wadda har yanzu Auta suke ce mata duk da jikokinta biyu, ta aiko ya zo. Mijinta tela ne, ya gaji da shagon haya, suka yanke shawarar tayar da ɗan shago a gaban gida. Da suka nemi Rusau ya ce ƙugunsa ba zai bari ba, amma ya haɗa su da wani tsohon ɗalibinsa da ake kira Na-Ɗaya, saboda shi ya zo na ɗaya a shekararsu. Yanzu wata guda da gama bangon, ana shirin ɗora rufi.

Ya tarar da Tela a ƙofar gida, tef a wuya, yana murmushin da bai kai ciki ba. Bayan gaisuwa Tela ya ce Yaya ya zo ya ga abin al'ajabi, bango mai zubar da gari kamar buhun da ɓera ya huda. Ya ce kullum sai Auta ta share gindinsa sau biyu, har ya fara tunanin ko ya tara ya sayar wa masu yashi.

Rusau bai yi dariya ba. Daga nesa bangon ba shi da makusa. Ya rufe ido ɗaya ya auna kusurwa, a tsaye take cak. Layukan sun daidaita, faɗin yatsa tsakanin bulo da bulo, aikin da ya koyar ne sak. Sai ya sa babban yatsa ya murza kwaɓin da ke tsakanin bulo biyu. Ya zubo. Ya ciro makullin gidansa ya soka, makulli ya shige har wuya. Ya kama bulon ƙarshe na gefen ƙofa ya girgiza, bulo ya taso a hannunsa kamar ajiye shi kawai aka yi.

Auta ta ce ko simintin ne na jabu. Ya sa aka kawo ragowar, ya murza, ya ce siminti lafiyarsa lau. Aka kira Na-Ɗaya a waya.

Ya zo a kan babur, da jakar kayan aiki a rataye, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya rusuna ya gaida malaminsa. Rusau ya tambaye shi awon yashi da siminti, ya faɗa, daidai ne. Ya tambaye shi yadda yake kwaɓi. Ya ce da safe yakan kwaɓa na yini gaba ɗaya don kada a ɓata lokaci, in ya fara tauri ya yayyafa ruwa ya juya, kamar dai yadda ake yi.

"Yadda ake yi a ina?"

"A wurinka, Malam."

Rusau ya ajiye bulon da ke hannunsa. Can ya ce, "Da ka gama, kwana nawa ka ba shi ruwa?"

Na-Ɗaya ya dubi bangon, ya dubi Tela. Sai kuma fuskarsa ta washe kamar ta ɗalibin da aka yi wa tambayar da ya sani. Ai kwana bakwai ne, safe da yamma, yana cikin littafi, ya ma fito a jarrabawa kuma ya ci. Ya karanto shi tiryan-tiryan. Sannan muryarsa ta yi ƙasa, ya ce shi dai bai taɓa ganin an yi ba, ya ɗauka maganar manyan ayyuka ce, irin su gada.

Tela ya ce shi ma ya san sunan jirgin sama, amma ranar da suka ji zai tuƙa kada kowa ya hau.

Rusau ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya rasa wanda zai yi wa. Kwaɓin siminti in ya wuce awa guda ya mutu, ko kogi ka zuba masa ba zai dawo ba. Bangon da ba a shayar ba kuwa, rana ce za ta shanye ruwansa kafin siminti ya kama, ya koma ƙasa. Shi bai taɓa ɗaukar wannan a matsayin ilimi ba. Abu ne kamar rufe ƙofa in ka fita, kuma lebura ke yi. Shi ya sa cikin shekara goma sha ɗaya bai taɓa miƙa wa ɗalibi bokiti ba. Wane bango ma za a shayar, tunda kafin rana ta faɗi shi da kansa ya rushe shi?

A hanyar komawa gida bai leƙa ta tagar mota ba ko sau ɗaya. Ya gaya wa maiɗakinsa a taƙaice. Ta ajiye masa abinci, ta ce mutum nawa ma ya ce ya sa wa hannu? Ya faɗa. Ta ce Allah ya sa sun faɗa hannun shugabannin aiki masu ido. Ya ce amin. Abincin ya huce a gabansa.

Ranar Litinin ya shiga ofishin shugaban cibiyar, ɗaki mai fanka biyu da takardun yabo jere a bango. Shugaba mutumin kirki ne, sai dai bakinsa ya fi ƙafarsa sauri. Rusau ya kwance wani ƙullin leda ya zazzage garin a kan tebur, ya ce wannan aikin ɗalibinsu ne, wanda ya zo na ɗaya. Ya ce mutum goma sha huɗu ke kammalawa ranar Alhamis, kuma ba zai sa wa ko ɗaya hannu ba sai kowa ya yi kwaɓi da siminti na gaske, ya tayar da bango, ya shayar da shi kwana bakwai.

Shugaba ya ture garin gefe da bayan fayil. Ya ce magana ce mai kyau ƙwarai, zai rubuta wa hukuma, zai kuma kawo ta a taro na gaba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Sufeto na zuwa Alhamis. Wani ɗan kwangila mai gina rukunin gidaje ya yi alkawarin ɗaukar duka goma sha huɗun ranar Litinin mai zuwa, da sharaɗin kowa ya zo da takardarsa a hannu, kuma irin wannan dama sau nawa take ƙwanƙwasa ƙofa? Shayar da bango yana shafi na arba'in da ɗaya, an koyar, an yi jarrabawa. Ban da haka, layi na talatin a takardar sufeto ya ce a bar fili fes bayan aiki. To ina za a ajiye bangon da zai kwana bakwai?

Rusau ya ce shi yana da bango. A ba shi ɗaliban Talata da Laraba kawai. Shugaba, don ya rabu da shi, ya ce ya ɗauka, a rubuta cewa sun tafi ziyarar gani da ido.

Ranar Talata da sassafe mutum goma sha huɗu suka tsaya a ƙofar gidan Tela. Cikinsu akwai wani dogo mai furfura da ake kira Direba, wanda ya shekara ashirin yana jan babbar mota har mai motar ya sayar da ita, da kuma Gwaggo, mace ɗaya tilo a ajin, wadda ta shekara tara tana ɗaukar yashi a wuraren gini kafin ta ce ita ma cokali za ta riƙe. Na-Ɗaya ma ya zo ba wanda ya kira shi, ya koma gefe yana kankare bulo, kansa a ƙasa. Cikin minti arba'in suka sauke shagon gaba ɗaya, ko bulo ɗaya bai fashe ba. Tela ya tsaya yana kallo, ya ce a wannan fannin kam cibiyarsu ba ta da na biyu. Ya kawo sabon siminti yana gunaguni, yana cewa da ya san haka ne da yadi ya sa ya ɗinka shagon.

Sun ja cebur za su yi tulin kwaɓi irin wanda suka saba, Rusau ya tsayar da su. Kwano biyu kawai, in ya ƙare a sake. Nan suka ga bambanci. Kwaɓin cibiya yana jiran mutum ya gyara igiya, ya ja da baya ya duba, ya yi hira. Wannan ba ya jiran kowa. Ya ci musu hannu, ya kama cokali, ya sa masu nawa gumi. Direba ya bar nasa ya tafi amsa waya, ya dawo ya tarar ya yi tauri, ya miƙa hannu zai ɗauko ruwa. Rusau ya ɗora ƙafa a kan bokitin.

"Zubar da shi."

"Malam, ai bai lalace ba, ɗan ruwa kawai yake so."

"Ya mutu. Zubar."

Direba ya kwashe ya zubar, Tela ya juya baya don kada ya gani.

Da aka zo maganar shayarwa, Gwaggo ta ce ai ita ta sani tuni, bayanta ma ya sani, don ta yi shekaru tana yi. Rusau ya ce to me ya hana ta faɗa wata huɗu? Ta ce ta ɗauka aikinsu ne na leburori, mai takarda ba ruwansa, shi ya sa ma ta zo neman takardar. Ya dube ta, shi ma dai abin da ya ɗauka ke nan.

Laraba da yamma bango ya kai inda za a zuba linta, kankaren saman ƙofa. Bai kai na cibiya kyau ba, akwai inda kwaɓi ya zubo ya bushe a fuskar bulo, akwai layin da ya ɗan fi ɗan'uwansa kauri. Rusau ya jera musu bokitan Auta da gwangwanaye uku, ya ce daga gobe safe da yamma, kwana bakwai, a raba kai. Direba ya lanƙwasa yatsu yana ƙirge.

"Malam, bakwai ɗin nan ya tsallake Litinin."

"Ya tsallake."

"Takardar fa?"

"Laraba."

Direba ya cire hularsa ya riƙe. "Wata tara rabona da aiki, Malam. Matata ke riƙe da gidan, har kunyar shiga nake yi da rana. Ka ce bango ya sha ruwa, mun ji. To mu fa?"

Sauran suka ɗauka da ƙananan maganganu, ba a fuskarsa ba amma inda zai ji. Wani ya ce tsoho ya yi sakacinsa shekara goma sha ɗaya, yau kuma su za a ɗora wa. Wani ya ce ai kowa ya ɗebo da zafi bakinsa ya kamata ya kai. Rusau ya ji duka, kuma ba ƙarya suka yi ba. Ya ɗauki jakarsa ya ɗingisa zuwa bakin titi.

Sufeton da ta zo Alhamis mace ce, injiniya, da takalmin aiki wanda ya ga duniya da idanun wadda ta kwana biyu a hanya. Cibiya ta huɗu ke nan da ta zagaya a makon. Ɗalibai suka sa hulunan kwano, suka tayar da bangon yashi da farar ƙasa, kyakkyawa kamar a hoto. Ta bi da ma'auni, ta duba igiya, ta duba safar hannu da akwatin magani, tana yi wa layukan alama ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfe huɗu Rusau ya ɗauko guduma ya sauke bangon, aka share fili, ta yi wa layi na talatin alama. Duka talatin da biyun sun cika.

A ofis aka jera takardu goma sha huɗu, Shugaba ya miƙo biro yana murmushi. Rusau ya mayar da hannayensa baya. Bayaninsa bai kai minti biyu ba, sannan ya ciro guntun kwaɓin tsohon shagon daga aljihu ya ajiye a gaban sufeto. Ta murza shi tsakanin yatsu, ya zama gari. Ba ta nemi ƙarin bayani ba. Ta ce duk cibiyoyin da take zagayawa da wannan kwaɓin suke koyarwa, kuma ita ma ba ta taɓa tambaya ba, tunda ba layin da ya ce ta tambaya. Ta ce gyara takardar ba a hannunta yake ba, kwamiti ne, kuma sau biyu yake zama a shekara. Abin da za ta iya shi ne ta rubuta a gurbin ƙarin bayani. Gurbin bai fi faɗin yatsa uku ba. Ta rubuta da ƙananan haruffa har ta gangara gefen takardar.

Sannan ta ɗago ta ce mutanen nan sun ci duk abin da doka ta nema, ko zai sa hannu yanzu?

"Ranki ya daɗe, sai Laraba."

Ta ajiye biro. Ba da zafi ba ta gaya masa abin da doka ta ce: malamin da ya ƙi sa hannu ba tare da dalilin da ke cikin takarda ba, wani malami mai rajista zai sa a madadinsa, shi kuma a karɓi hatiminsa har sai an duba lamarinsa. Ta ce ya yi tunani da kyau, don wannan dubawar takan kai shekara, kuma kafin nan matsayinsa zai koma na mai kula da fili. Shugaba ya ce haba Baba, don girman Allah, sa hannu ne kawai, ya yi ɗari uku, goma sha huɗu ne za su gagare shi?

Ta taga Rusau yana hango su zaune a inuwar sito, hulunan kwano a cinya. Direba ya juya wa ofishin baya. Abin da Rusau ya ji a ransa lokacin ba jarunta ba ce, sauƙi ne ya ji: ashe za su sami aikinsu ranar Litinin, kuma ba da hannunsa ba. Ko wannan gaskiya ce ko wayo, bai tsaya tantancewa ba, ƙugunsa na ciwo, ya gaji da tsayuwa. Ya zaro hatimin daga aljihun farar rigar ya ajiye a kan tebur kusa da garin.

Aka kira malamin kafintoci, wanda shi ma yana da rajistar gini tun da can. Ya zauna ya sa hannu sau goma sha huɗu bai ɗago kai ba. Da zai fita ya dafa kafaɗar Rusau ya ce ya yi haƙuri, abokina. Rusau ya ce ba komai.

A gida maiɗakinsa ta ce to, ko ba komai ta huta da wanke tawada a aljihu. 'Yarsa ta bugo waya ta ce duk wahalar da ta sha wajen koya masa sa hannu ashe a banza. Ya ce hannun yana nan, bai manta ba.

Da yammacin Alhamis ɗin shi da Auta kaɗai suka shayar da bangon, ita tana ɗebo ruwa shi yana watsawa, tana yi masa faɗan taurin kai irin na babansu. Takarda ta riga ta shiga aljihun kowa, don haka bai sa ran kowa ba. Juma'a da safe mutum shida suka zo. Da yamma huɗu. Asabar da Lahadi Gwaggo ce da Na-Ɗaya, sai wani siriri da ba ya magana a aji. Direba bai leƙo ba ko sau ɗaya.

Litinin kowa ya tafi sabon aiki, Na-Ɗaya ma yana da nasa a wata unguwa. Rusau ya sauka daga mota ƙarfe bakwai, yana lissafin bokiti nawa ƙugunsa zai iya ɗauka. Ya tarar bangon ya yi duhu da ruwa daga sama har ƙasa, gindinsa ya yi caɓi. Auta ta leƙo ta ce wani dogo ne mai furfura ya zo tun kafin motar wurin aikinsu ta tashi, ya zuba bokiti takwas, ko zama bai yi ba. Ya bar saƙo, wai a gaya wa Malam kada ya yi masa godiya, don har yanzu fushi yake da shi.

Talata ma haka.

Laraba da yamma, bayan ruwan ƙarshe ya tsane, Rusau ya nemi ƙusa. Ya kafa ta a tsakanin bulo biyu, daidai wurin da makulli ya shige kwanaki, ya buga da dutse. Ƙusa ta lanƙwashe. Ya koma wani layin, ta ƙara lanƙwashewa. Tela ya karɓa ya jujjuya ta, ya ce to yanzu kuma in ciniki ya buɗe ya so faɗaɗa shagon, wa zai iya rushe wannan?

"Kira ni," in ji Rusau.

Auta ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Shi kuwa idonsa na kan rabin buhun simintin da ya rage a zaure. Ya ce ta ba shi. Ta ce ya ɗauka, in dai ba zai dawo mata da mutum goma sha huɗu su sake shanye mata ruwan tanki ba.

Sabbin ɗalibai sun fara bayan mako biyu. An kawo wani sabon malami mai difloma, shi ke riƙe da hatimi, shi ke tsayawa gaban allo. Rusau yana nan da farar rigarsa, aikinsa fitar da kayan aiki daga sito, duba fili, da guduma in ƙarfe huɗu ta yi. Daga hukuma ba a ji komai ba, Shugaba dai kullum yana cewa ya rubuta.

Bayan siton akwai wani lungu tsakaninsa da katanga, inda ake jibge karyayyun barori, wurin da ba layin da ya ambace shi a takardar sufeto. Ranar farko, kafin sabon malamin ya gama kiran suna ya shiga ofis, Rusau ya kira mutum huɗu zuwa lungun. Ya sa suka kwaɓa kwano ɗaya daga rabin buhun Auta, suka ɗora bulo shida, uku a ƙasa uku a sama. Ya ajiye bokiti da gwangwani a gefe, ya ce safe da yamma, kwana bakwai, in sun gama wasu huɗun su karɓa.

Wani mai gemu a cikinsu ya tambaya ko wannan zai fito a jarrabawa.

Rusau ya ce a'a. Ya miƙa masa bokitin, ya nuna masa inda famfo yake.